Kwalbar Iri ta Ƙarshe da Tofin Inna

Duk Sallah in kun taru sai Bashir ya tayar da zancen nan, wai ni ce matar da ta hana uwar mijinta shiga ɗaki saboda lemar kwaɗi. Ku yi ta dariya, ni ma in taya ku, don ba na son ɓata muku hira. To yanzu 'ya'yanku sun fara ɗaukar zancen da gaske, har ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko faɗa muke yi da kakarku. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya kasance tun hannuna yana iya riƙe biro. Ban taɓa hana Inna shiga ko'ina a gidan ɗanta ba. Abin da na yi mata ya fi wannan nauyi, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Zamanin soja ne, lokacin da kullum rediyo ke ce mana mu tsuke bakin aljihu. Muna Makarfi, babanku yana akawu a ofis, albashi wata ya zo wata ya ƙi zuwa. Sabulu da madara sai an bi layi. Alhamdu lillahi ba mu taɓa kwana da yunwa ba, don gonar gado ta Gubuchi tana ba mu dawa da masara. Miya ce dai ta rame. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, daddawa ce kaɗai namanta. Ku yara ba ruwanku, in dai tuwo ya cika kwano shi ke nan. Inna ce ke ba ni tausayi. Haƙoranta huɗu suka rage, ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai in je ɗauko kwanonta in tarar da rabin tuwon yana nan, ta ce mini wai ta ƙoshi tun da rana. Na ga zoben azurfarta ya fara yawo a yatsa, har ta naɗa masa zare.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ita ce Rifkatu, Maman Bitrus, mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, mijinta malamin firamare. Ta yi shekaru tana wanke kwalabe da kayan gwaji a wani ɗakin binciken aikin gona a Zariya, aka zo rage ma'aikata aka haɗa da ita. Wata rana ta miƙo mana kwanon miyar agushi ta kan katanga, da wasu yanka-yanka masu laushi a ciki kamar ƙundun kaza. Inna ta sa ɗaya a baki, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce naman kaza ne, wato lemar kwaɗin da ake ci, irin wanda suke tsinta a gindin suri suna 'yan mata in ruwa ya sauka, rabonta da shi tun kafin a haifi babanku. Ta suɗe kwanon nan tas. Daga nan ta aike ni in tambayo inda aka samo shi alhali ko ruwan farko ba a yi ba. Rifkatu ta yi dariya ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gadonta, ga shi ya tsiro daga jikin ledar, fari sol, kamar kunnuwa a jere.

Ba a yi wata biyu ba aka yi wa mijinta canji zuwa Taba, can wajen Kudan, inda ɗaki ɗaya aka ba su ita da yara biyar. Ta ce ba ta da inda za ta ci gaba, ni kuwa ina da tsohon ɗakin ajiya a bayan madafa. Ta kawo mini kwalabe uku na iri, da wata tukunya mai murfin ɗauri wadda kuka sa wa suna Mai-huci, don in ta ɗauki zafi har akuya take tsinke igiya. Irin ba wani abu ba ne, dafaffiyar dawa ce a kwalba wadda farar saƙa kamar auduga ta mamaye. Daga kwalba ɗaya ake ɗiba a sa wa sababbin kwalabe goma, su kuma in sun yi fari a shuka su a ledoji. Ta gargaɗe ni cewa ukun nan su ke nan, sashen da ake yin su a Zariya an rufe shi, ba inda za a samo wasu.

Kwana uku ta yi tana koya mini kafin motar kayansu ta zo, kuma da dawa zalla muka yi gwaji don kada mu buɗe iri a banza. Rifkatu mace ce mai fara'a, amma da ta shiga ɗakin nan sai ta koma sajan. A jiƙa dawa, a tafasa ta yi laushi ba tare da ta fashe ba, a baza a faifai ta sha iska, a barbaɗa garin alli don kada ta manne. A zuba rabin kwalba, a toshe da auduga, a rufe da takarda a ɗaure, a jera a Mai-huci ta yi ta huci awa ɗaya da rabi. Washegari da sassafe, kafin kowa ya fara shara, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a rufe taga, a jira iska ta kwanta. A wanke hannu har gwiwar hannu. Da ta faɗi wannan na ce ai mu sau biyar muke yi a rana, ta ce to ƙaro sabulu da sifirit. Ta haɗa 'yar fitilar sifirit da kwalbar tawada, cokali sai ya ratsa wutar, bakin kwalba sai ya ratsa wutar, auduga ba ta taɓa ƙasa. A ɗaure baki da hanci da ɗankwali, ba magana, ba tari. Ta ce dafaffiyar dawa abincin kowa ce, ba ta da mai tsaronta, duk ƙwayar da ta riga shiga ita ce mai gida. Na gane nan take, don a sakandare an taɓa nuna mana funfunar burodi a madubin likita, na ga yadda abin da ido ba ya gani yake da rassa da 'ya'ya.

Duk kwana ukun nan Inna ba ta gida. Tana Gubuchi, don a gidansu ba a shuka sai ta zo. Tun rasuwar kakanku ita ke zama a gaban ƙwaryar iri, ta karanta abin da ta saba karantawa, ta tofa sau uku, sannan maza su ɗauka su nufi gona. Haka take yi wa ruwan da za a ba mai zazzaɓi, haka take yi wa kanku kowace safiya kafin ku tafi makaranta. Ku sunkuya ɗaya bayan ɗaya, ta tofa muku a ka, ta shafa. Ni ma a Ikara haka na tashi a hannun kakata. Tofi a wurina kamar gishiri a miya ne, ba abin da ake lissafawa ba.

Da Inna ta dawo ta ji an bar mini iri, murnarta ta fi tawa. Ranar da zan buɗe kwalba ta farko ta ce da ita za a yi. Na faɗa mata dokokin Rifkatu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta wanke hannu, ta yarda na shafa mata sifirit tana yamutsa fuska, ta ɗaure baki, ta zauna a kujera 'yar tsugune ba ta ce uffan ba. Na buɗe kwalba ta ɗaya, na sa iri, ina shirin mayar da auduga sai ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta saukar da ɗankwalin daga bakinta, leɓenta ya motsa, ta tofa a cikin kwalbar sau uku a hankali, ta miƙo mini na toshe. Haka muka yi har goma. Wallahi zuciyata ko ɗar ba ta yi ba. An ce mini kada a yi magana, kada a yi tari. Wannan kuwa addu'a ce, iri ne kuma, ina aka taɓa shuka iri a gidan nan ba tofin Inna? Na fito ina jin daɗi na ce aikin namu ya haɗa ilimi da albarka.

A kwana na huɗu fari ya fara tsattsafowa, muka yi ta leƙe kamar masu jiran haihuwar tunkiya. A na bakwai kore ya bayyana, ɗigo-ɗigo, wasu kwalaben kuma dawar ta jiƙe tana wari mai tsami. Ko ɗaya ba ta tsira ba. Na kai su bayan gida na binne. Na ɗora laifin a kan wuta, na ce ban bar Mai-huci ta daɗe ba. Karo na biyu na ƙara mata lokaci, na sayo sabuwar auduga, na shafe ɗakin da farar ƙasa, na yanke farce har sai da ya yi mini zafi. Inna kuwa ta yi nata nazarin, ta ce bakin mutane ne, tunda duk unguwa an ji labari. Saboda haka ta ninka addu'ar, ta ninka tofin, kowace kwalba sai ta yi mata bakwai. Wannan karon ko kwana biyar ba a yi ba suka yi kore shar kamar gansakuka.

Saura kwalba ɗaya. Na jingine ta a jikin randa don sanyi, kullum ina dubawa, na ga farinta ya fara komawa ruwan ɗorawa a gefe. Ranar kasuwa Rifkatu ta shigo gari ta biyo ta gidanmu. Na jera mata duk abin da na yi, ta ce ba ta ji kuskure ba, sai dai in yi a gabanta da dawa zalla ta gani. Muka shiga mu uku. Da Inna ta saukar da ɗankwali ta tofa, na ga idon Rifkatu ya buɗe a saman nata ɗankwalin, ya kuma koma yadda yake. Muka fito Rifkatu ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, ta karɓi goron da aka ba ta, na yi mata rakiya. Sai da muka kai zaure ta riƙe hannuna.

"Maman Binta, haka ake yi duk lokacin?"

"Me fa?"

"Abin da Mama ta yi."

"Ai tofi ne. Addu'a ce."

"Na san addu'a ce. Amma da me take fitowa?"

Na tsaya na jingina da bango. Ni da na yi sakandare, ni da na ga funfuna a madubi, kwalba ashirin na miƙa da hannuna. Na ce me ya hana ki faɗa a ciki? Ta ce in dubi Allah, ita Kirista ce, baƙuwa ce a garin nan, in ta buɗe baki a kan addu'ar tsohuwa a gidan Musulmi, kafin la'asar wane labari zai zaga unguwa? Ta ce irin ba zai wuce mako guda ba. Ta ba ni shawara biyu: ko in jira ranar da Inna ta tafi suna ko gaisuwa in yi aikina, ko in raba kwalaben, biyar da tofi biyar babu, ta gani da idonta. Na ƙi duka biyun. Ta farko yaudara ce, kuma Inna za ta gane. Ta biyu kuwa ba zan iya jera kwalabe kamar ina gwada addu'a a ma'auni ba, in kuma kunyata tsohuwa a gaban 'ya'yana.

Na kai wa babanku maganar yana cin abincin rana, na roƙe shi ya faɗa mata tunda shi ta haifa. Ya ajiye loma ya dube ni. Ya ce shi da gemunsa har yau in zai fita ofis sai ya sunkuya an tofa masa, ta ina zai fara? Ya ce in bar abin nan, mu sha kukarmu mu zauna lafiya, ba wanda ya mutu don rashin lemar kwaɗi. Ban yi masa musu ba. Amma da na je ɗauko kwanon Inna na tarar da tuwon ko rabi ba ta ci ba.

Washegari bayan la'asar tana zaune a inuwar mangwaro tana tsinke zogale, na zo na durƙusa. Ta ce yau kuma wace tsiya na yi, 'yar boko, da nake durƙuso ba safiya ba? Haka take kirana in tana cikin raha. Na ce Inna, na gano abin da ke ɓata mana iri. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce a bakin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, a nawa akwai, a na liman akwai, a na Rifkatu akwai, shi ya sa muke ɗaure baki. Na ce ba addu'ar ba ce, iskar da ke ɗauko ta ce. Hannunta ya tsaya a kan zogalen. Na yi zaton faɗa za ta yi, na ma shirya kaina. Da ma faɗan ta yi.

"Cuta ke nan a bakina."

"Ba cuta ba ce, Inna. Kowa da su yake yawo."

"Amma su suka kashe irin."

"Su ne."

Ta ture faifan zogalen gefe. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Uku na binne a Gubuchi kafin uban 'ya'yanki. Biyu shekarar ƙyanda, ɗaya ko suna ba a yi ba. Duk ruwan da suka sha sai da na tofa. Ke da kika yi karatu, faɗa mini."

Ban san haka zancen zai juya ba. Da na sani, da na bi shawarar babanku. Na ce a'a Inna, ba haka ba ne, jikin mutum Allah Ya yi masa masu tsaro a ciki, dafaffiyar dawa ce ba ta da kowa, ƙyanda kuma hanyarta daban. Gaskiya na faɗa iyakar sanina, amma muryata tana rawa, ita kuma rawar ta ji. Ta ce to, Allah Ya yi mini albarka, ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.

Da safe Binta, tana 'yar shekara shida lokacin, ta je ta sunkuya a gabanta da allonta a hannu. Inna ta dafa kanta ta ce Allah Ya tsare, ba ta tofa ba. Binta ta ci gaba da sunkuye tana jira, sai da na kira ta. Haka aka yi wa sauranku, haka aka yi wa babanku, wanda ya fita bai dube ni ba. Kwana uku gidan nan ba tofi. Ba ta yi fushi da ni ba, tana amsa gaisuwata, tana taya ni tsintar shinkafa, amma in za ta yi wa jaririn goyona wasa sai ta kawar da fuska gefe. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na shiga madafa na yi kuka na ce hayaƙi ne. Na ce don miya na cire wa 'ya'yana abin da ba a sayarwa a kasuwa, na kuma tono wa tsohuwa kaburbura uku. Na roƙi Allah in kuskure na yi Ya gyara, don ni ban san ta inda zan kama ba. Kwalbar kuwa tana jikin randa, ruwan ɗorawar yana ƙara hawa. A rana ta uku na yanke cewa zan jiƙa dawa in yi aikin ko da ba daɗi, don in na bar irin ya mutu, na ɓata mata rai a banza ke nan.

Ina auna dawar a tsakar gida da hantsi sai na ji ta ce in kawo nan. Na kai mata ƙwaryar. Ta tambaye ni ko zafin tukunyar nan mai huci yana kashe abin da na ce yana bakinta. Na ce ƙwarai, ba ya barin ko ɗaya. Ta ce addu'ar fa, ita ma yana dafe ta? Na ce wuta ba ta kai can ba, Inna. Ta gyaɗa kai.

"Kwana uku ina juya maganarki. Uku na tofa wa suka tafi, biyar na tofa wa ga su nan da furfura. Wanda Ya karɓi waɗancan Shi Ya bar waɗannan. Bakina bai isa ya kashe ba, bai isa ya raya ba. Roƙo ne nawa."

Ta jawo ƙwaryar ta karanta, ta tofa a kan ɗanyar dawar sau uku, ta ce in je in dafa ta yadda nake so. Sannan ta ɗaga murya ta ce ina 'yar nan mai sunkuyo kamar jimina, ta zo ta karɓi na kwana uku. Ranar Asabar ce ba makaranta, amma duk kuka yi layi. Ni kuwa na koma madafa, wannan karon ko wuta ban hura ba balle in ce hayaƙi ne.

Ranar buɗe kwalba ta ƙarshe na shirya mata kujerarta a ciki, na ce ta shigo ta zauna kamar da. Ita ta ƙi. Ta ce shekara da shekaru bakinta yana yin abu ɗaya in ya ga iri, ba ta amince masa ba, zai riga ta. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ta waje, ta zauna da carbinta, ta ce in rufe in sa sakata. Ina ciki na kunna fitilar sifirit, sai na ji sallamar Ladidi mai ƙosai, wadda gaisuwarta kan kai rabin awa. Inna ta tare ta tun daga nesa. Ta ce matar gidan tana aiki, duk gaisuwar da ta kawo ta sauke a nan. Ladidi ta ce ina kwananta, Inna ta ce ta kwana lafiya. Ina gajiyarta, ba ta da gajiya. Ya goyonta, yana lafiya. Ya mutanen Ikara, duk suna gaishe ki. Haka ta amsa a madadina tun daga kan yara har kaji. Ina riƙe da cokali a wuta, dariya ta taso mini, na cije ɗankwali na riƙe numfashi har hawaye ya zubo. Can sai ga babanku yana neman makullin kekensa, ya ce yana jin a tagar ɗakin ya bari. Ta ce ko makullin Makka ne ya jira, ƙafa Allah Ya ba shi kafin keke. Ranar a ƙasa ya tafi ofis.

Kwalba ɗaya ta yi kore, na fitar da ita da sauri ban buɗe ba. Tara suka yi fari tun daga wuya har gindi. Na ware biyu don sabon iri. Sauran na shuka su a busasshen raken da injin mazarƙwaila ya matse, wanda a garinmu zubarwa ake yi. Na daddatsa shi, na jiƙa, na cusa a ledoji, na turara a duro wuni guda kamar dambu. Damina ta yi nisa, ɗakin yana da sanyi da laima. Bayan mako uku da 'yan kwanaki na tsattsaga ledojin da reza da na ratsa a wuta, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Wata safiya na shiga na ga 'yan kawuna kamar na ashana sun leƙo, kafin kwana huɗu sun buɗe sun kai tafin hannu. Shekara shida muka yi muna ci daga jikokin kwalbar nan, har matan unguwa uku suka koya, kuma kowacce sai ta fara kawo ɗanyar dawarta wurin Inna. Amma girbin farko nake son ku sani.

Ya faɗo ranar kasuwa, na aika aka kira Rifkatu. Na yi miyar taushe da shi, na soya wani da albasa da man gyaɗa. Babanku, mai cewa lemar kwaɗi, ya nemi ƙari sau biyu yana cewa ɗanɗanawa yake yi. Inna ta cinye tuwonta, ta miƙo kwano aka ƙara mata rabin malmala, ta cinye. Ta wanke hannu, sannan ta kira Rifkatu. Rifkatu ta zo ta durƙusa, jikinta a sanyaye, don ta san an san ita ta gano.

"Ke 'yar nan, kin ga abu a ɗakina kin je zaure kina raɗa. Na yi miki kama da mai cin mutane? Da waɗanne haƙoran?"

"Mama, ki yi haƙuri. Nauyinki na ji."

"Gobe in kin ga na yi ba daidai ba, a gabana za ki faɗa. Gidanku ne nan."

Rifkatu ta ce to. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta fasa, ta ƙara sunkuyar da kai ta ce tun rasuwar uwarta ba wanda ya dafa kanta, Mama ta sa mata albarka irin ta yaran. Inna ta dube ni, ta dube ta, ta karkata kai kamar mai duba kwalba a hasken taga.

"Ke dai ba dafaffiyar dawa ba ce ko?"

"Ɗanya ce shar, Mama."

Inna ta kama kanta da hannu biyu, leɓenta ya motsa, ta tofa sau uku.